Shekarar da Hannuna Ya Saki Sungumi

Guga na fara saki. Da rani ne, ina jan ruwa a rijiyar bakin masallaci. Na cika tulu lafiya, ina cikin jan na gaba sai igiya ta zame, guga ya koma ƙasa da ruwansa. Na duba hannuna na dama, na gan shi a buɗe. Ni kuwa ban buɗe shi ba.

Babu zafi. Da da zafi da na gane, don na san zafi. Da ƙuruciya haƙar rijiya nake yi, wata ta taɓa ruftawa da ni, sai tono ni aka yi. Shekarar amai da gudawa na binne 'ya'yana maza biyu a mako guda. Duk waɗannan abubuwa ne da aka san sunansu. Wannan kuwa ban san me zan kira shi ba. Na ce wa yatsun su dunƙule, suka yi kamar ba da su nake ba. Na zauna a kan dutsen da ake alwala ina kallonsu. Can an jima na sake gwadawa, sai suka dunƙule gam, kamar ba abin da ya faru. Na ari ƙugiya na ciro gugan, na tafi gida, ban faɗa wa kowa ba.

Abin da ya ruɗa ni ke nan tun farko. Na ga masu shanyewar hannu, nasu in ya tafi ya tafi. Nawa tafiya yake ya dawo. Da safe zan iya ɗaga buhu. In na yi ta saran itace kuwa, ko ɗaurin kara, sai ya saki ba sallama.

A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan. Gona na manne da gona, ciyawar gamba ce kawai ke raba su. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ake zuba mata ta ci gaba. Gonata rabona ce daga ta mahaifinmu. Ba a kira kowa an raba ba. Bayan rasuwarsa yayana ya ja ƙafa a ƙasa ya ce daga nan zuwa tsamiya naka ne, shi ke nan. Ni da matata ne kaɗai a gida, 'ya'yana mata suna ɗakunansu. Gidan Yaya kuwa cike yake, masu ci sun fi ƙarfin rumbu.

Ranar sharar gona Yaya ya gan ni. Fartanya ta faɗi daga hannuna, na sunkuya zan ɗauka da hagu, na ɗago muka haɗa ido. Ya tsallako gamba.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne."

"Ban ce komai ne ba. Na ce tun yaushe."

Na ci gaba da shara da hagu. Ya ce, "Bana ka huta. Zan zuba taki in sa gyaɗa a wajenka, da kaka a kawo maka naka."

Yaya ba mugu ba ne. Amma na san yadda ake yi. Wanda ya zuba taki a gona ba a tashinsa sai ya ci takinsa, wato baɗi ma shi zai noma. Kafin ya gama cin wannan ya zuba wani. Ana haka sai a manta ta wane ce. Na ga an yi wa wasu, har da waɗanda ba wanda ya yi niyyar cutarsu.

Na ce, "Zan shuka."

"Da me?"

"Da hannu."

Ya dubi hannun. Ya ce, "To. Ranar shuka ka shuka. Inda ka kai naka ne. Abin da ƙasa ta bushe ba ka kai ba, ba zan bar shi ya kwana shekara ba."

Na ce na ji.

Wanzami ya yi min ƙaho a kafaɗa, ya ce mataccen jini ne. Na sha rubutu. Mai kemis ya yi min allura. Hannun ya ci gaba da abin da yake yi. A ƙarshe taubashina ne ya matsa min. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun muna yara, bawana nake ce masa. Yana da babur, yana ɗaukar wa mutane wake da gero zuwa kasuwar Dawanau. Ya ce, "Kai da kake cewa ni bawanka ne, ubangidan da ba ya iya riƙe bulala ai ya zama abin tausayi. Hau mu tafi." Muka je asibitin ƙaramar hukuma, suka tura mu birni. A birni aka yi ta nuna mana ƙofa bayan ƙofa, har muka kai wani ɗaki mai sanyi.

Likitar mace ce, ba ta fi 'yata ta fari ba. Ta sa na zauna, ta goge min hannu, ta manna wasu 'yan faifai a gindin babban yatsana, wayoyi na fita daga jikinsu zuwa wata na'ura mai allo. Taubashina ya tsaya a bayana, wai kada a sace ni.

"Baba, za ka ji wuta ta ɗan ja ka. Ba za ta cutar da kai ba."

Ta ɗora wani abu mai baki biyu a saman gwiwar hannuna. Na ji tas. Babban yatsana ya yi tsalle. A kan allon akwai layi a kwance, sai ya tashi ya yi tudu kamar kunyar gona, ya sauka.

"Ka ga wannan tudun? Amsar hannunka ce. Yanzu matsa hannuna. Da ƙarfi. Kada ka saki sai na ce."

Na matsa. Na yi ta matsawa. Ba ta ce in saki ba, hannun ne ya saki da kansa. Nan take ta sake ba ni wutar a wurin ɗazu. Tudun ya fito ɗan ƙarami, kamar wanda ruwa ya cinye. Sai ta sauko da abin zuwa wuyan hannuna ta ba ni wuta, babban yatsan da na kasa motsawa ya yi tsalle da ƙarfinsa.

Taubashina ya ce, "Allahu Akbar! Ya tashi!"

Ba ta kula shi ba. Ta koma saman gwiwar. Ta ba ni wuta, ta dakata, ta sake, ta dakata. Duk bayarwa tudun na ƙara tashi kaɗan. Muna kallo har ya koma yadda yake da farko. Ta ce in dunƙule. Na dunƙule.

Sannan ta yi bayani. Zan faɗi abin da na riƙe, ban ce duka ne ba. Ta ce jijiya kamar waya take, saƙo ke binta daga kai zuwa yatsu. Ta ce ruwan jikin mutum yana da gishiri iri biyu, ɗaya ya fi yawa a wajen jijiya, ɗaya a cikinta. Duk saƙon da zai wuce, sai wasu ƙofofi da ido ba ya gani su buɗe, na waje ya kwararo ciki, na ciki ya fita. Wannan shiga da fitar, in ji ta, ita ce wutar jikin mutum. Bayan haka akwai wani abu kamar famfo da ke mayar da kowanne wurinsa. In saƙo ya yi ta zuwa babu hutu, gishirin waje ya taru a ciki, sai famfon ya dage da kwasa har ya wuce kima, jijiyar ta yi nauyin tashi. Ta ce kowa haka yake, mai lafiya dai ba ya ji. Ni kuwa jijiyata tana da riga, rigar ta ci a wani wuri kusa da gwiwar hannu. Dama da ƙyar saƙo yake tsallake wurin. In jijiyar ta yi nauyi sai ya faɗi a nan, bai kai yatsu ba. In an dakata, famfon ya lafa, wasu ƙofofin daban su riƙa ɗigo da kaɗan kaɗan har abin ya daidaita.

Na ce, "Gishirin yawa ya yi ko kaɗan?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Naka daidai yake."

"To me ya lalace?"

"Rigar."

"To me ya kawo gishiri cikin maganar?"

Ta yi dariya, ba ta raini ba. Ta sake farowa. A karo na biyu na ƙara ɓata. Ni na san famfo, na san ƙofa, na san gishiri, amma ban taɓa ganinsu a wuri ɗaya ba, balle a cikin hannuna. Kuma ta yaya abu zai yi aikinsa da kyau har aikin ya zama shi ne matsalar? Ta ce, "Ka gane?" Na ce na gane. Ta ce in dawo za a ɗebi jini kuma a fara magani.

A hanya taubashina ya yi ta magana, iska na kwashe rabi. Da muka tsaya shan ruwa ya ce, "Kai ba ka gane ba, ni na gane. Duk wancan surutun na 'yan boko ne. Me ka gani da idonka?"

"Tudu."

"Tudun ya faɗi. Ta ba ka wuta ya tashi. Ta ƙara, ya ƙara tashi. Ta ƙara, ya cika. Wayarka in ta mutu me kake yi mata?"

"Caji."

"To shi ke nan. Caji ta yi maka. Ba za ta faɗa ba ne don kada ka daina zuwa."

Na juya maganar a raina. Abin da ya faɗa shi na gani. Abin da ta faɗa kuwa ban ga ko ɗaya ba.

A gida matata ta tambaye ni me aka ce. Na ce an ce gishiri yana taruwa min a jijiya. Daga ranar ta daina sa gishiri a miya. Na ce ba haka ake nufi ba. Ta ce, "To yaya ake nufi, Malam?" Muka ci gaba da shan miyar kuka lami.

Garinmu babu wutar lantarki, sai mai cajin waya da faifansa na rana. Taubashina ya ce wannan ba ta da ƙarfi. Ya ce wutar da ta fi kowace tana cikin baburinsa, ta taɓa jansa sau ɗaya yana gyaran fulogi, sai da ya ga kakarsa. Washegari da hantsi ya turo babur bayan rumbuna, inda ba mai ganinmu. Ya zare wayar fulogi ya ba ni.

"Ɗora a inda ta ɗora. Ɗaya hannun ka dafa ƙarfe. Ka yi bisimilla."

Ya taka kik. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Ta likita tas take yi. Wannan har haƙorana. Hannun gaba ɗaya ya yi sama, na koma na zauna a ƙasa ba da niyya ba.

"Ka ga ni! Ka ga yadda ya tashi? Na waccan yarinyar yatsa ɗaya kawai yake ɗagawa."

"Bawan banza, kashe ni za ka yi."

"In ka mutu wa zai gaje ni? Tashi, saura."

Muka yi ta yi kwanaki. Bazara ta yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, bayan wutar ta ja ni dole in zauna a inuwar rumbu in dawo hayyacina. In na tashi sai in ji hannun da ƙarfi. Taubashina ya ce ka gani. In na je gona na yi ta sara kuwa sai ya saki kamar kullum. Ya ce cajin ne bai cika ba, tsohon batir ne. Muka ƙara. Wurin ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, hannun ya fara yi min tsami, abin da da ba ya yi. Wani lokaci ina kwance da rana sai in ga naman hannun yana rawa shi kaɗai. Ban sani ba ko tashi yake ko mutuwa.

Ranar komawa asibiti na sa riga mai dogon hannu. Likitar ta naɗe hannun rigar da kanta. Ta dubi wurin, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Caji. Da wutar babur."

Ta ɗago ta dubi taubashina. Shi kuma ya dubi silin.

"Malam, kai ne mai babur?"

"Ni dai direba ne, ranki ya daɗe."

Na zaci za ta yi faɗa. Ta ce dai wannan wutar tana iya taɓa zuciya, kuma in muka sake kada mu dawo mata. Ta faɗa sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Sannan ta manna faifan nan, ta ce in matsa hannunta. Na matsa har ya saki. Ta ba ni wuta, tudun ya fito ƙarami. Sai ta ajiye abin mai baki biyu a kan tebur, nesa da ni, ta naɗe hannuwanta.

"Malam mai babur, ka sa ido. Kada in taɓa shi ba ka gani ba."

Muka zauna. Ta tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu. Na ce yayyafi dai. Ta tambayi irin geron da nake shukawa, na faɗa mata. Ta ce kakanta ma manomi ne a wajen Bagwai, amma ita ba ta san kan fartanya ba. Na ce ai an gani. Fanka na juyawa. Da ta ga dama ta ɗauko abin ta ba ni wuta sau ɗaya. Tudun ya tashi cikakke.

"To wa ya yi masa caji?"

Taubashina ya matso ya leƙa allon. Ya ce, "Wataƙila sauran na jiya ne."

Ta danne dariya. Ta ce, "Wutar da nake ba shi tambaya ce kawai, in ji ko jijiyar ta dawo. Ba ni nake dawo da ita ba. Ita take gyara kanta in an ƙyale ta."

Na ce, "Wato ba abin da zan yi mata."

"Akwai magani na ƙarin ruwa saboda rigar, za mu fara. Amma ba zai nuna ba kafin shuka. Kafin nan, in ka yi aiki ka dakata. Gara ma ka dakata tun bai saki ba, ya fi saurin dawowa."

"Har yaushe zan dakata?"

"Ba ni da adadin da zan ba ka. Wata rana kaɗan, wata rana da ɗan dama."

Na ce, "Likita, ranar shuka ba a dakatawa."

Ta ce ta sani. Ba na jin ta sani.

Na fito a ruɗe fiye da yadda na shiga. Da ina da abin yi, ko da mai zafi ne. Yanzu an ce maganin shi ne in tsaya. Duk abin da na tsira daga gare shi a rayuwa da motsi na tsira. A cikin rijiyar nan da na kwanta ban yi ta motsi ba, da masu tono ba su same ni ba.

Ruwan shuka ya sauka kafin asuba, mai yawa. Gari na wayewa kowa ya fita. Wanda bai san wajenmu ba, ga yadda ake yi. Mutum ɗaya yana gaba da sungumi, wato fartanya mai doguwar ƙota, yana tafiya yana sara rami, taku ɗaya sara ɗaya. Wani na binsa da ƙwaryar iri, ya jefa, ya rufe da diddige. Ana sauri ne don rana na shan laimar. Kowace shekara ni nake sara a gonar Yaya, don ba wanda ya kai ni sauri, mutanen gidansa na bina. In mun gama mu tsallako tawa. Bana ni kaɗai na shiga tawa. Taubashina yana tasa gonar. Matata ba ta taɓa fita gona ba, ban kuma ce ta fara ba.

Na ajiye ƙwaryar iri a bakin gona. Niyyata in sare da yawa tukuna sannan in bi da iri. Na fara. Ƙasa ta yi laushi, sungumi na shiga kamar cikin tuwo. Na kai ƙarshen layi na juyo. Na manta da likita, na manta da gishiri. A tsakiyar layi na gaba sungumin ya tafi shi kaɗai ya faɗi gabana.

Na gwada da hagu. Ramukan suka fito a karkace, wani a kan wani, ƙotar ta doke ni a ƙauri. Na bari. Na tsaya.

Ban taɓa tsayawa a gona ranar shuka ba. Duk inda na duba mutane ne a sunkuye ko suna tafiya, ni kaɗai ne a miƙe kamar an kafa ni don korar tsuntsaye. Wani maƙwabcinmu ya wuce ta kan iyaka da irinsa a ka, ya ce, "Sannu da hutawa!" Wataƙila gaisuwa ce kawai. Ta gefen ido ina ganin Yaya ya dakata yana kallona, sannan ya ci gaba.

Na ce wa yatsun su dunƙule. Shiru. Na yi tunanin ƙofofin nan da famfon, ina so in ji ko wani abu na motsi a ciki. Ban ji komai ba. Hannu ne kawai a rataye. Har babur ya faɗo min a rai, ba zan ɓoye ba.

Tsayuwar ce na kasa jurewa, ba wani tunani na yi ba. Na koma bakin gona na ɗauki ƙwaryar, na rataye ta a wuya da igiya, na bi ramukan da na sara. In jefa da hagu, in rufe da diddige. Hannun dama na reto a gefe, ban nemi komai a wajensa ba. Da na kai inda sungumin yake kwance na sunkuya, na ga na ɗauke shi. Da hannun dama.

Haka na yi ta yi. In sara, in ajiye, in koma in bi da iri, in dawo. Da farko sai ya saki nake ajiyewa. Daga baya na lura ƙaramin yatsa ne yake fara yin sako-sako kafin sauran. Da na ji shi sai in ajiye da kaina. In na yi haka, kafin in gama jefa iri ya dawo. In na yi taurin kai na ƙara sara kaɗan, sai in gama jefawa in tsaya jiransa. Wani lokaci kuma na yi komai daidai amma ya ƙi, ban san dalili ba. Tafiyar ta zama ninki, gaba da baya, gaba da baya. Mutanen gidan Yaya suka gama tasu suka tafi. Na yi azahar a gindin gamba da taimama, na koma.

Wajen la'asar sungumi ya fara tayar da ƙura. Ɓangaren tsamiya tudu ne mai yashi, shi yake fara bushewa, shi ne kuma ban kai ba. Na wuce rabin gonar da ɗan dama. Yaya ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya inda layina na ƙarshe ya ƙare, ya ɗebi ƙasa ya dunƙule, ya buɗe hannu ta warwatse.

"Daga nan," in ji shi.

Na ce, "In an sake ruwa zan ƙarasa."

"In an sake ruwa noman fari ya zo. Wannan da ka shuka ma da wane hannu za ka nome shi, balle ka ƙara?"

Gaskiya ya faɗa. Ya juya ya dubi layukan da na yi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ban zaci za ka kai nan ba." Na ce ni ma.

"Daga nan," ya sake cewa.

Na ce, "Daga nan."

Na nome geron a hankali, yadda na shuka shi. Ya yi kyau. Yaya ya zuba taki a ɓangaren tsamiya ya sa gyaɗa, da kaka ya aiko min da nawa kamar yadda ya ce. Ƙarin ruwan da aka yi ta yi min ya taimaka, yanzu hannun yana daɗewa kafin ya saki, amma yana saki. Gishiri ya dawo miya. Taubashina har yau yana faɗa a majalisa cewa shi ya tayar da hannun, likita ta zo ta karɓe yabo. In aka tambaye ni ciwon me nake yi, sai in ce jijiya, in tsaya a nan. Na taɓa gwada yi wa wani bayanin famfon, na ga yadda yake kallona, na bari. Ni kaina ban san ko na yarda da shi ba. Na dai san ƙaramin yatsa.

Abin da na shuka a ranar yana hannuna, ba wanda ya sake tayar da maganarsa. Ɓangaren tsamiya Yaya yana cin takinsa. Bara da na je sharar gona na ga an dasa gamba a layi, daidai inda na tsaya. Ban tambayi wanda ya dasa ba. Na share nawa har bakinta, ƙaramin yatsa ya yi sako-sako, na ajiye fartanya na zauna.